Yadda nake maido da kwamfuta daga hoton diski

Cikin watan Afrilu, ana tsakar zafin nan na Maradi da ko inuwa ba ta da sanyi, wata Hajiya mai wurin buga takardu a unguwar Zariya ta aiko yaronta da kwamfutar tebur a bayan kabu-kabu. Ina kunna ta, diskin ya kama ƙwas, ƙwas, ƙwas, allo kuwa baƙi ƙirin. Na kira ta na ce, "Hajiya, diski ya mutu, sai an sa sabo." Ta ce, "To Malam, takardun mutane fa? Akwai aikin ɗaliban jami'a a ciki." Abin da ya fisshe mu shi ne wata biyar kafin nan na ɗaukar mata hoton diskin, na ajiye a diski na waje.

Hoton diski, wanda mu masu gyara muke ce wa imaj, ba kwafin takardu kaɗai ba ne. Diskin ne dungurungum: Windows, manhajoji, direbobin firinta (ƙananan manhajojin da ke sa ta aiki da kwamfuta), har hoton da ke bangon allo. In ka maido shi, kwamfuta za ta koma yadda take a ranar da aka ɗauka. Duk abin da aka buga bayan ranar ba ya ciki, kuma duk abin da ke kan diskin da za a zuba wa hoton shafewa zai yi. Saboda haka in tsohon diskin na da sauran numfashi, fara kwashe takardun baya-bayan nan kafin ka taɓa komai. Na Hajiya bai da sauran numfashi, aikin wata biyar ya tafi, sai abin da yaranta suka bari a kile, wato ɗan ma'ajin nan na USB.

Ni da manhajar Clonezilla nake wannan aikin. Kyauta ce, a Taiwan aka ƙirƙiro ta, kuma ba ta da nauyi. Ka sauko da ita, ka ɗora ta a kan kile da manhajar Rufus ko Ventoy, don kwamfuta ta iya tashi daga kilen. Sai diskin waje mai ɗauke da hoton, sai sabon diskin. Hoton Clonezilla jaka ce mai fayiloli da yawa a ciki, sunanta yawanci kwanan wata ne da "img" a ƙarshe. Kada ka goge ko ka sake sunan ko ɗaya daga cikinsu, ko da ka ga ƙarami ne.

Girman sabon diski shi ne inda mutane ke asarar kuɗi. Dole ya kai girman tsohon ko ya fi shi. Tsohon diskin Hajiya giga 500 ne. Yaronta ya tafi kasuwa ya sayo SSD, irin diskin zamanin nan, mai giga 480, yana murna ya samu da sauƙi. Na ce masa, "Ƙanena, mai da shi." Ya ce ai abin da ke cikin tsohon bai kai giga ɗari ba. Gaskiyarsa, amma Clonezilla girman diskin take dubawa, ba yawan kayan ciki ba, kuma za ta ƙi. Akwai dabarar tilasta mata a sashen ƙwararru, ni dai ba na yin ta a kan kayan mutane. Ya koma ya musanyo mai giga 512.

Kafin ka kunna, buɗe kwamfutar ka zare wayar duk wani diski da ba shi ne za a zuba wa hoton ba. Wannan da kaina na koye shi, kuma da tsada. Shekarun baya wani mai ɗaukar hoton biki ya kawo mini kwamfuta mai diski biyu, kamfani ɗaya, girma ɗaya. Clonezilla ba ta san C ko D irin na Windows ba, sda da sdb take kiran su. Na zaɓi sda ina ganin shi ne na Windows, ashe shi ne rumbun hotunan aure da suna na shekara guda. Ban taɓa jin zufa irin ta ranar ba. Wasu na tsamo da manhajar ceto, wasu sun tafi ke nan, mutumin kuma har yau in mun haɗu a masallacin Juma'a gaisuwar daga nesa ce. Tunda ka riga ka buɗe, ka hure ƙurar hunturu da ta danƙare a fanka.

Sai wuta. Kwamfutar tebur a haɗa ta da ondilar, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, ta hannu kuma a cika batirinta. In aka ɗauke kuran ana tsakiyar aiki, hoton bai lalace ba tunda karanta shi kawai ake yi, amma sai ka sake daga farko.

Soka kile, ka kunna, ka riƙa danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi: F9 a HP, F12 a Dell da yawancin Lenovo. In ka ga kilen sau biyu, ɗaya da UEFI (sabon salon tashin kwamfuta) a gabansa ɗaya babu (tsohon salo, Legacy), bi salon da tsohon Windows yake tashi da shi. Zaɓi harshe, akwai Faransanci. In allon rubutunka AZERTY ne, sauya shi a nan, in ba haka ba ka danna a ka ga q.

Daga nan linzami ba ya aiki, sai kibiyoyi da Enter. Zaɓi device-image, sannan local_dev. Yanzu ne za ka soka diskin waje, ka ɗan jira, ka danna Enter. Clonezilla za ta jero diskokin da ta gani. In naka ya fito, danna Ctrl da C. Tambayar da ke biye ita ce inda hoton yake, wato diskin waje, ba sabon ba. Nuna mata wurin da jakar take, ka zaɓi Beginner, sannan restoredisk. Akwai restoreparts a ƙasansa, wannan na yanki ɗaya ne na diski, ba shi muke so ba. Zaɓi hoton, in suna da yawa ka duba kwanan wata. Sai ta tambayi diskin da za a zuba wa. Nan nake tsayawa in karanta layin da ƙarfi, suna da girma, ko da diski ɗaya ne ya rage. SSD na zamani mai kama da tsinken cingam yakan fito da suna nvme0n1, kada ya ruɗe ka.

Za ta tambaya ko a binciki lafiyar hoton kafin a fara. Ka ce e. Yana cin lokaci, yaran shago ba su son sa, amma gara ka san hoton ya lalace tun diskin bai shafe ba. Bayan haka sau biyu za ta ja maka kunne cewa komai zai goge, sau biyu za ka danna y. Sai layin ci gaba ya fara tafiya. Tsawon lokacin ya danganta da yawan kaya da ramin USB. Mai shuɗin ciki ya fi sauri nesa ba kusa ba. Na Hajiya, kafin mu gama shayi zagaye na biyu ya ƙare.

Kashe kwamfutar, zare kile da diskin waje, sannan ka kunna. In ta ce ba ta ga abin tashi ba, kada hankalinka ya tashi: shiga BIOS, wato allon saitin kwamfuta na kafin Windows ya tashi, ka duba ko sabon diskin ne a gaba, ka duba UEFI da Legacy, ka duba ko saitin diski na SATA na kan AHCI kamar da. Galibi a cikin ukun nan matsalar take. Zuba hoton wata kwamfuta a kan wata dabam kuwa, wani lokaci ta tashi, wani lokaci ta ba ka shuɗin allo saboda direbobi, ba na yi wa kowa alkawari a kai.

In sabon diskin ya fi tsohon girma, za ka tarar da fili a ƙarshe ba a amfani da shi. Shiga Gestion des disques, sashen kula da diski na Windows, ka faɗaɗa C, in babu wani ƙaramin yanki da ya tare tsakaninsu. In akwai, sai da manhajar GParted. Sannan a bar Windows da rigakafin bairos su cike giɓin watannin da suka wuce, wanda zai ci megas ba kaɗan ba, ka gaya wa mai kaya tun da wuri. Na sa yaron Hajiya ya buga shafi ɗaya a firintata don mu tabbata, muka mai da takardun da ke kile, na ɗauki sabon hoto a daren, na rubuta kwanan wata a jikin diskin wajen da alƙalamin maka.