Darasi na Bakwai: Ƙara wa Furosesar Kwamfuta Gudu Ba Tare da An Ƙona Ta Ba

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kamfani yana saita mata gudunta, amma akwai waɗanda ake iya ƙara musu. A na Intel, sai masu harafin K a ƙarshen lambarsu, kamar i5-12600K, a kan madabod (babban allon da ake dasa furosesa a kai) mai harafin Z a lambarsa. Na AMD Ryzen kuwa galibi a buɗe suke. Darasin nan na kwamfutar tebur ne. Kada ka gwada shi a laftof, domin ba ta da isasshen wurin fitar da zafi. Ka kuma sani, idan furosesa ta lalace ta wannan hanya, kamfani ba zai musanya maka ba.

Lissafin gudun ba wuya. Agogon tushe 100 MHz ne, sai a ninka shi da wata lamba. Idan lambar 45 ce, 100 sau 45 ya ba da 4500 MHz, wato 4.5 GHz. Lambar ninkawar nan za ka taɓa.

Kafin komai, buɗe akwatin ka share ƙura, ka sa wa furosesa sabon man sanyaya (wanda ake shafawa tsakaninta da abin sanyaya ta), ka tabbata fankarta babba ce. Zafi ne yake kashe ta. Kwamfutar da ta zauna lafiya a sanyin hunturu tana iya ɗaukewa a watan Afrilu, lokacin da zafin gari ke haura digiri 40. Saboda haka gara ka yi gwajinka da tsakar rana.

Kunna kwamfuta, ka yi ta danna Delete ko F2 har ka shiga BIOS, wato shafin saitin madabod. Ƙara wa lambar ninkawa ɗaya tak, misali daga 45 zuwa 46. Adana, ka fita. Idan kwamfuta ta tashi, buɗe manhajar HWMonitor don ganin zafin furosesa, sannan ka bar manhajar Prime95 tana gasa mata aiki na awa guda. Idan zafi ya wuce digiri 85, tsaya, ka koma baya. Idan kwamfuta ta sandare, koma BIOS ka ƙara wa furosesa ƙarfin wuta kaɗan, 0.01 V, amma kada jimillar ta haura 1.35 V. Gara ka haƙura da ƙarin gudun da ka matsa mata wuta.

Idan ta ƙi tashi gaba ɗaya, zare wayar wuta, cire ƙaramin batirin madabod mai lamba CR2032, jira minti biyar, ka mayar. Saitin kamfani zai dawo.

Aikin gida: idan lambar ninkawa 48 ce, nawa ne gudun furosesa a GHz?