Yadda Za a Gane Alamun Galahanga Kafin Yaro Ya Cika Shekara Biyu

Yawancin iyaye ba sa damuwa sai magana ta ƙi zuwa. Yaro ya shekara biyu bai ce "mama" ba, kaka ta ce a ƙyale shi, ai maza ba su da saurin baki, ubansa ma haka ya yi. Wani lokaci gaskiyarta ce. Amma a lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, jinkirin magana ba shi ke fara fitowa ba. Abin da ke riga shi shi ne yadda yaron ke hulɗa da mutane, kuma uwa na iya duba wannan a tsakar gidanta.

Ku fara da suna. Ku zaɓi lokacin da ba ya jin yunwa ko barci, a kashe talabijin, a ajiye waya. Ku tsaya bayansa kamar taku biyu, ku kira shi da muryar yau da kullum, kada ku taɓa shi. Daga wata 9 zuwa 12 yaro yakan waiwayo. Gwaji ɗaya ba ya nuna komai, don haka ku maimaita cikin kwanaki da dama. Idan ana ta kira ba ya juyowa, amma ƙarar ledar biskit daga ɗaki ta sa ya taso, ku riƙe wannan.

Sai nuni da yatsa, wanda ya fi komai muhimmanci kuma aka fi mantawa da shi. Nuni iri biyu ne. Akwai na neman abu, kamar ya nuna kofi don yana jin ƙishi. Akwai kuma na "zo ki gani": jirgi ya gifta sama, ya nuna, sannan ya dubi fuskar uwarsa ko ita ma ta gani. Wannan waiwayen shi ake nema, kuma ya kamata ya samu kafin wata 18. Yaro mai galahanga sau da yawa sai ya kama hannun uwa, ya ja ta har bakin randa, ya ɗora hannun a kan murfi, bai ko kalle ta ba. Ku gwada ta ɗaya ɓangaren: ku nuna kaza daga nesa ku ce "kalli!" Ya bi yatsan da ido, ko yatsan kawai ya tsaya kallo?

Ku lura da wasansa. Kusan shekara ɗaya da rabi yara kan fara kwaikwayo, a kara takalmi a kunne a ce waya ce, a goya 'yar tsana. Wanda ake wa fargaba yakan jera murafan kwalba a layi, ya fashe da kuka in an gusar da ɗaya, ko ya kifa mota yana juya tayarta, ko ya daɗe yana kallon fanka. Wasu na kaɗa hannuwa, suna tafiya a kan yatsu, suna toshe kunne in an tayar da injin markaɗe. Ɗaya daga cikin waɗannan kaɗai ba hujja ba ce. Haɗuwarsu da rashin hulɗa ne abin dubawa.

A ɓangaren magana, a je asibiti in babu gwaranci a wata 12, babu kalma ko ɗaya a wata 16, ko ba ya haɗa kalma biyu da kansa a wata 24. Idan kuwa ya iya wasu kalmomi ko ɗaga hannun sallama sannan ya daina, ko shekarunsa nawa, kada a jira.

Ku nemi likitan yara, ku tafi da gajeren bidiyo na minti ɗaya ko biyu, domin yaro ba lallai ya nuna halinsa a gaban likita ba. Ku nemi a fara da gwajin ji. Sanƙarau, ƙyanda, shawarar jarirai mai tsanani da kunne mai zubar da mugunya duk suna iya rage ji, kuma yaron da ba ya ji sosai yakan yi kama da mai galahanga. Akwai takardar tantancewa mai suna M-CHAT-R, tambayoyi 20 da iyaye ke amsawa game da yaro ɗan wata 16 zuwa 30. Ba ta yanke hukunci, tana nuna wanda za a zurfafa bincike a kansa ne. Babu gwajin jini da ke gano galahanga. An fi samunta a maza, kuma in yaro ɗaya na da ita, a sa ido sosai a kan ƙannensa.

Kada a kai shi wurin wanzami yankan linzami ko beli: matsalar ba a harshe take ba, sai dai a jawo zubar jini da ƙwayoyin cuta. Dukan yaro ba ya gyara ta, domin ba taurin kai ba ne. Rigakafi ma ba ya kawo ta. Binciken 1998 da ya yaɗa wannan zargi an janye shi a 2010.

Kafin ranar ganin likita, ku fara aiki a gida. Ku durƙusa daidai tsayinsa, ku riƙe abin da yake so kusa da fuskarku, ku faɗi sunan abin da kalma ɗaya, ku jira kamar daƙiƙa biyar. Ya kalle ku ko ya yi wani sauti, ku miƙa masa nan take. Ku yi haka wajen cin abinci da wanka kullum. Idan kuma kuka ga yana ƙamewa, ko jikinsa na fizga, ku sanar da likita da gaggawa, domin farfaɗiya ta fi yawa a yara masu wannan lalura, kuma tana da magani.