Oga, ga yadda zaka tado da ma'aikatanka ko da baka da ikon kara musu albashi

Wannan rubutun naka ne kai da aka ba rikon sashe a ma'aikatar gwamnati, ko darakta kake ko shugaban wani dan bangare a sakatariyar karamar hukuma, kana ta fama da mutane suna shigowa karfe goma su sa hannu a rajista sannan ana yin azahar ka nemi rabinsu ka rasa. Albashi dai ba a hannunka yake ba. Mafi karancin albashi ya tashi daga naira 30,000 na 2019 ya koma 70,000 a Yulin 2024, amma tunda aka cire tallafin mai a 2023 kudin mota kadai ya isa ya lashe karin, har jihohi irinsu Kwara da Edo sai da suka rage ranakun zuwa ofis zuwa uku a sati a lokacin. Toh ba kai zaka gyara wannan ba. Amma akwai abubuwan da suke kan teburinka, kuma su ne suke raba ofishin da fayil ke fita cikin kwana biyu da wanda zai yi wata uku yana shan kura.

Fara da rabon tafiye-tafiye, don wallahi nan ne zuciyar ma'aikata take mutuwa. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san alawus din tafiya wato DTA da kudin bita da zuwa kwas su ne dan romon da ke rike mutum kafin karshen wata. In kullum mutum uku ne ke zuwa Abuja ko Kaduna, kuma kowa ya san dalilin shine suna gaida oga a gida, wanda ke zaune yana rubuta memo har magariba zai lissafa ya ga wahalar banza yake yi, sannu a hankali shima ya koma zaman gindin bishiya ana hirar siyasa. Ka bude littafi, ka rubuta wa ya je ina kuma yaushe, a rika zagayawa, kuma in bitar ta shafi lissafin kudi ce to akanta za a tura, ba yaron oga ba. Ka bar littafin a fili kowa ya gani. Za a yi maka korafi daga sama, wani ma zai kira ka ya ce a saka sunan wane, amma rubutaccen tsari shi ne kariyarka a ranar.

Sai karin girma. A tsarin aikin gwamnatin tarayya mai mataki na 06 zuwa kasa yana cancanta duk shekara 2, daga 07 zuwa 14 shekara 3, daga 15 zuwa 17 shekara 4. Ka san ranar kowa. Mutane da yawa ba faduwa jarrabawa suka yi ba, fom dinsu na APER, wato fom din auna kwazon ma'aikaci na shekara, shi ne ya kwana a durowar oga ba a cike ba har lokaci ya wuce. Kuma don Allah a daina ba kowa maki mai kyau saboda kada a ce ka tare abincin wani, wannan tausayin shi ya kashe amfanin fom din, shi yasa ma gwamnatin tarayya ta koma tsarin PMS inda ake yarjejeniya da ma'aikaci kan abin da zai cimma tun farko. Ko jiharku bata fara ba kai ka fara a sashenka, ka zauna da kowa farkon wata ku ce fayil kaza, rahoto kaza, zuwa rana kaza.

Wani masani dan Amurka, Frederick Herzberg, tun 1959 ya nuna cewa albashi da yanayin wurin aiki in sun lalace suna jawo bacin rai, amma gyaransu kadai baya sa mutum ya zage damtse, abin da ke sa hakan shine a ba shi aiki mai ma'ana kuma a san shi ya yi. Ni dai ina ganin a kasarmu sai an dan rage masa, mai jin yunwa baya jin yabo, amma rabin maganar tasa gaskiya ce. In karamin ma'aikaci ya hada rahoto mai kyau, ka fadi sunansa a gaban babban sakatare, ko ma ka shiga da shi mitin din ya yi bayani da bakinsa. Ka rubuta masa takardar yabo a saka a fayil dinsa, mu dai mun iya rubuta kwari, wato takardar tuhuma, amma takardar yabo kamar haramun ce. Kyauta ne fa, ko sisi baka kashe ba.

Kayan aiki kuma kar ka raina. Ba takarda, firinta ba tawada, janareto ba mai, ma'aikaci na siyan data da kudinsa don ya tura sakon ofis, sannan ka zo kana fada. Dan kudin gudanarwa da ake baku ya fara zuwa nan kafin labule da kujerar ofishinka.

Akwai kuskuren da shugabanni ke yi basu sani ba, duk aikin da ya taso sai a ce a kai wa Malam wane ko Hajiya wance tunda su ne basa bata lokaci, ragon kuwa an kyale shi don ba a son rigima. Karshen wata alat iri daya zai shigo musu. Ka raba aiki da suna da ranar kawowa, wanda ya kasa ka kira shi kai da shi ka ji matsalar tukuna, wani rashin lafiya ce a gida, wani an cire shi daga IPPIS ne, wato tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya, wata biyu ba albashi kuma ba wanda ya bi masa, irin wannan kai zaka dauki fayil din ka bi da kafarka. In kuma ganganci ne, gargadin baki, sannan kwari a rubuce kamar yadda dokar aiki ta tanada, kuma a yi wa dan gidan kwamishina irin yadda aka yi wa masinja.

Kai ma ka rika zuwa karfe takwas, kuma ka sa hannu a rajistar da kowa ke sawa.