Yadda Mai Shagon Kwamfuta Zai Tsare Injinansa da Bayanan Kwastomomi

Duk shagon buga takardu da rajista ta intanet a Gusau, Ƙauran Namoda ko Talata Mafara yana riƙe da abin da ya fi injinan cikinsa daraja: takardun NIN na mutane, hotunan fasfo, sakamakon jarrabawa, lambobin BVN da aka cike a fom, da kundin kammala karatu na ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da na kwalejoji. Mai shago yakan ɗauka cewa ƙaramin ɗan kasuwa irinsa ba wanda zai ɓata lokaci a kansa. Bairos ba ya tambayar girman shago, duk injin da ya tarar a buɗe shiga yake yi. A irin waɗannan shaguna kuma kusan kullum ta ƙofa huɗu ɓarna ke shigowa: filas ɗin kwastoma, manhajar da aka fasa (wato ta sata, marar lasisi), asusun da aka manta ba a fita ba, da rauta (na'urar raba intanet) da ba a taɓa canza mata kalmar sirri ba. Ana iya toshe su duka a wuni ɗaya, galibinsu ba tare da kashe ko kwabo ba.

Raba asusun mai shago da na aiki

Da wannan za ka fara. Yawancin injinan shago asusu ɗaya ke kansu, mai cikakken iko, kuma da shi kowa ke aiki, daga mai shago har yaron da aka ɗauka jiya. Duk fayil ɗin da aka danna a irin wannan asusu yana iya samun ikon da mai injin yake da shi, ya girka abin da ya ga dama, ya kashe kariya.

Shiga Settings, sai Accounts, sai Other users, ka ƙara sabon asusu, ka bar nau'insa a Standard. Da shi za a riƙa aikin yau da kullum. Asusun Administrator ka sa masa kalmar sirri wadda kai kaɗai ka sani. Daga nan idan wani abu ya nemi girka kansa, galibi Windows zai tsaya ya nemi wannan kalmar. Idan ka ga ya nema alhali ba wanda ke girka komai, amsar ita ce a'a.

Filas

Nan ne mafi yawan matsala take, don haka sai an ɗan daɗe a kai. Filas ɗin ɗalibi ɗaya kan ratsa injina goma a mako, ya kwaso abin da ke kowanne.

Ka kashe AutoPlay a cikin Settings, don kada injin ya buɗe filas da kansa. Sannan ka buɗe File Explorer, ka shiga View, ka kunna File name extensions. Wannan ɗan ƙaramin saiti yana da muhimmanci ƙwarai, domin Windows yana ɓoye ƙarshen sunan fayil tun asali. Fayil ɗin da kake gani da suna takarda.pdf yana iya zama takarda.pdf.exe, wato shiri ne mai aiki da aka yi wa rigar takarda. Duk abin da ya ƙare da .exe, .scr, .vbs, .bat, .js ko .lnk a filas ɗin wanda ya zo buga takarda, kada a danna shi. Kafin a buɗe komai, a danna filas ɗin da maɓallin dama na linzami a zaɓi Scan with Microsoft Defender.

Bairos ɗin da ya fi yawo a shagunanmu shi ne mai mayar da folda gajerar hanya. Alamarsa: foldojin kwastoma suna nan da sunayensu, amma kowace tana da 'yar kibiya a gindinta, girmanta kuma bai wuce kilobayit 1 ko 2 ba. Foldojin gaskiya ba a goge su ba, ɓoye su aka yi. Danna mai kibiyar shi ke tayar da bairos ɗin, sannan ya buɗe maka foldar gaskiya don kada ka gane. Maganinsa: buɗe Command Prompt, rubuta harafin filas ɗin, misali E: ka danna Enter, sannan ka rubuta attrib -h -r -s /s /d *.* ka sake danna Enter. Foldojin za su dawo. Sai ka rubuta del *.lnk don share na bogin. Ka tabbatar harafin filas ka shiga, ba C: ba.

Idan ka gyara filas, ka cire, ka mayar, ka ga masu kibiya sun dawo, to injin naka ne ya kamu, shi ke shafa wa kwastomomi. Shiga Windows Security, sai Virus & threat protection, sai Scan options, ka zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Injin zai kashe kansa ya tashi ya yi bincike na kimanin minti 15 kafin Windows ya gama tashi, lokacin da bairos bai samu damar ɓuya ba.

Shagon da ke da injina uku ko fiye, ya ware ɗaya wanda shi kaɗai ake soka wa filas, kuma ba a shiga banki ko imel a kansa.

Manhajar da aka fasa

Kowa ya san yadda ake samun Office, CorelDRAW da Photoshop a kasuwa. Duba abin da umarnin girka su ke cewa a layin farko: kashe antibairos tukuna. Mutum da hannunsa yake kwance karen gidansa. Da yawa cikin waɗannan fayiloli suna ɗauke da shirin da ke kwashe duk kalmomin sirrin da aka adana a burauza ya tura waje, ba tare da injin ya nuna wata alama ba. Wasu kuma suna ɗauke da bairos mai kulle fayiloli ya nemi fansa. Wanda ake kira STOP/Djvu ta wannan hanya ya fi yaɗuwa: yana ƙara wa kowane fayil wani baƙon ƙarshen suna, ya ajiye wasiƙa mai suna _readme.txt yana neman ɗaruruwan daloli.

LibreOffice kyauta ne kuma halal, yana buɗe fayilolin Word da Excel. Inkscape yana yin zanen katin biki da kalanda, GIMP yana gyaran hoto. Gaskiya ne hannun da ya saba da CorelDRAW zai ɗan sha wuya da farko. Idan aikinka ba ya yiwuwa sai da shi, sayi lasisi ɗaya ka sa a inji ɗaya.

Haka nan takardar Word ko Excel da ta buɗe da wani layi a sama yana cewa Enable Content, kada a danna. Buga takarda ba ya bukatarsa.

Sabuntawa

A watan Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har da na asibitocin Ingila. Ramin da ya bi ya shiga, Microsoft ya riga ya fitar da maganinsa tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda ba su sabunta Windows ɗinsu ba. A nan ma ana kashe sabuntawa ne saboda tsadar data, kuma uzuri ne na gaskiya, amma akwai dabara. Microsoft yana fitar da gyare-gyaren tsaro ranar Talata ta biyu a kowane wata, don haka ka ware dare ɗaya a wannan makon. Ka kunna Delivery Optimization a cikin saitin Windows Update, ka zaɓi injinan da ke kan rauta ɗaya, yadda abin da ɗaya ya sauke sauran za su karɓa daga wurinsa. Kada ka fara sai kana kan sola, inbata ko UPS, domin ɗauke wuta a tsakiyar sabuntawa na iya hana injin tashi.

Windows 7 ya daina samun gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020, tallafin Windows 10 na yau da kullum kuma ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Tsohon injin da ba zai ɗauki Windows 11 ba, ko dai a sa masa Linux Mint, tsarin kyauta mai maye gurbin Windows, ya ci gaba da aikin burauza da rubutu, ko a cire shi daga intanet ya zama na firinta kawai.

Abin da kwastoma ya bari

Mutum ya shiga imel ɗinsa don ɗauko takarda, ya biya, ya tafi, akwatin saƙonsa na nan a buɗe ga wanda ya zauna bayansa. Ka sa doka: kwastoma ba ya shiga komai sai ta tagar Guest ta Chrome, ko wadda ake buɗewa da Ctrl+Shift+N. Ana rufe tagar, shigarsa ta goge. Ka kashe saitin da ke tambayar a adana kalmar sirri. Sai dai fayil ɗin da aka sauke ba ya gogewa da rufe taga, yana nan a foldar Downloads, haka abin da aka ɗauka da sikana. Kowace yamma kafin a tashi a share foldojin biyu, a kwashe kwandon shara. Wanda ya haɗa WhatsApp ɗinsa da injin shago don turo takarda, a tuna masa ya shiga Linked devices a wayarsa ya fita tun yana tsaye.

Wannan amana ce kafin ta zama doka, amma dokar ma tana nan: Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai tattara bayanan mutane alhakin tsare su. Takardar NIN da aka buga ta lalace ma kada a jefa ta a kwando ko a ba mai ƙosai, a yayyaga ta.

Lokacin rajistar JAMB ko ɗaukar aiki shafukan bogi kan yi yawa. Alamar kwado a gefen adireshi ba shaidar gaskiya ba ce, shafin damfara ma yana samunta. Karanta adireshin har zuwa alamar / ta farko bayan https://, ka duba abin da ya zo daf da ita. Galibin shafukan hukumomin gwamnati da .gov.ng suke ƙarewa. Idan bayan .gov.ng akwai wani ɗigo da wani suna kafin alamar, shafin na mai wannan sunan ne.

Rauta

Juya ta ka karanta takardar da ke manne a ƙasanta. Za ka ga adireshi irin 192.168.0.1, 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, da sunan shiga wanda sau da yawa admin ne. Rubuta adireshin a burauza ka shiga. Kalmomin sirri biyu za ka canza, kuma kada su zama iri ɗaya: ta shiga saitin rautar, da ta Wi-Fi. A wajen tsaro zaɓi WPA2 ko WPA3, ban da WEP. Kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura da Wi-Fi ba tare da rubuta kalmar sirri ba, domin lambarsa mai alƙaluma 8 tana da rauni da aka sani tun 2011. Kashe Remote management, wanda ke ba da damar shiga saitin rautar daga nesa. Idan kana sayar wa kwastomomi Wi-Fi, kunna musu Guest network, wayoyinsu su samu intanet ba tare da ganin injinanka da firintarka ba.

Kalmar sirri da kwafin ajiya

Lambar waya, sunan ɗa da shekarar haihuwa ba kalmar sirri ba ne. Haɗa kalmomi huɗu na Hausa da ba su da alaƙa da juna, ka sa lamba a tsakani, tsawon ya kai haruffa 14 ko fiye, kuma kowane asusu da tasa. Rubuta su a littafi ka kulle a gida, kada a manna a jikin allo. Imel ɗin shago ka kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu ta manhaja irin Google Authenticator, wadda ke ba da lamba ko babu sabis, ka kuma buga lambobin ko-ta-kwana guda 10 da Google ke bayarwa ka adana. A WhatsApp kunna Two-step verification da lambarka mai alƙaluma 6. Lambar da ke zuwa ta saƙon tes kuwa ba a karanta wa kowa ita, ko da sunan shugaban ƙungiyarku ya kira.

Kwafi uku ake so na duk aiki mai muhimmanci: ɗaya a injin, ɗaya a faifan ajiya na waje, ɗaya a intanet kamar Google Drive. Mutanen Zamfara sun san dalilin da ya sa na intanet kaɗai bai isa ba, tun da aka rufe layukan sadarwa a jihar a watan Satumban 2021 aka yi makonni babu sabis. Faifan waje kuma a soka shi ne lokacin kwafi kawai, sau ɗaya a mako, a cire. Idan yana soke kullum, bairos mai kulle fayiloli zai kulle shi tare da injin. Sau ɗaya a wata buɗe fayil biyu daga cikinsa ka tabbatar suna aiki.

Idan abin ya riga ya faru

Zare wayar intanet daga injin, kashe Wi-Fi ɗinsa, kada a ƙara soka masa filas ko faifan ajiya. Da wata na'urar mai lafiya za ka canza kalmomin sirri, imel da farko, domin ta cikinsa ake ƙwace sauran asusu. Idan an taɓa shiga banki a injin, kira bankin ta lambar da ke bayan katinka a rufe katin. Biyan fansa ba ya tabbatar da dawowar fayiloli. Ɗauki hoton wasiƙar neman fansar, ka duba shafin No More Ransom, wanda 'yan sandan Turai da kamfanonin tsaro suka kafa a 2016, ko akwai makullin kyauta na irin bairos ɗin. Idan kuɗi sun salwanta, kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC da hotunan saƙonni da lambobin asusun da aka tura wa. Ka kuma sanar da kwastomomin da suka shiga asusunsu a injin su canza nasu kalmomin. Bayan haka a goge injin gaba ɗaya, a girka sabon Windows, a sabunta shi, sannan a dawo da fayiloli daga kwafin ajiya.