Darasi na Biyar: Abubuwan da Aka Gina Mai Rai da Su

Idan manomi ya ɗebo gero daga rumbu ya zuba a tafin hannunsa, ba ya rasa ganin ƴar tsakuwa a ciki, wadda girmanta da launinta suka yi kusa da na ƙwayar geron. Amma in ruwan shuka ya sauka aka binne su a rami ɗaya, geron zai tsaga ƙasa cikin kwana uku ko huɗu, tsakuwar kuwa tana nan yadda take, kamar duwatsun da kakanninmu suka tarar. Geron yana da rai ne, ko da yake a bushe yake. Duk mai rai yana ci, yana numfashi, yana girma, yana fitar da abin da jikinsa ba ya so, kuma yana hayayyafa, sai dai kowa da irin hanyarsa. Fannin da ke nazarin wannan shi ake kira ilimin halittu.

Kamar yadda ake ɗora tubali bisa tubali har a tayar da soro, haka jikin mutum da na akuya da na itacen kuka suke a haɗe da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, waɗanda ake kira ƙwayoyin halitta. A shekarar 1665 wani masani na Ingila mai suna Robat Huk ya yanki ɓawon itace siriri, ya duba shi da madubi mai ƙara girman abu, sai ya gan shi rami-rami kamar saƙar zuma. A 1674 kuma wani mai sayar da yadi a ƙasar Holan, Antoni Liwanhuk, wanda bai taɓa karatun jami'a ba, ya duba ɗigon ruwan tabki da madubin da ya goge da hannunsa, ya ga halittu suna iyo a ciki. Irin waɗannan halittu masu ƙwaya ɗaya tak suna tare da mu kullum. Wasunsu ne ke mayar da madara ta zama nono mai tsami, yis ne ke sa ƙullun waina ya tashi, wasu kuma su ne ke kawo zawo da zazzaɓin cizon sauro.

Abin da ya fi yawa a cikin ƙwayar halitta shi ne ruwa. A jikin babban mutum ruwa ya kai kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyinsa, a jikin jariri kuwa ya fi haka. A cikin ruwa ne abinci ke narkewa ya bi jini, da shi ne ƙoda ke wanke ƙazanta, da shi ne kuma jiki ke yin gumi ya huce a zafin bazara. Mai kilishi ya daɗe yana aiki da wannan ilimi ba tare da ya san sunansa ba: yana feɗe nama fale-fale ya shanya a rana domin ruwan ya fita, ƙananan halittun da ke ruɓar da nama kuwa ba su iya yaɗuwa inda babu laima. Hikimar kauɗar tumatir da busasshiyar kuɓewa ke nan.

Buƙatar da jiki ke yi wa ruwa ce ta sa zawo ke kayar da yaro da sauri, domin yana zubar da ruwan jikinsa tare da gishirin da ke cikinsa. Idan babu ƙunshin garin da ake bayarwa a asibiti, a tafasa ruwa lita ɗaya ya huce, a zuba sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokali, kowane a shafe daidai baki, a riƙa ba yaron kaɗan-kaɗan kafin a kai shi wurin likita. Sukarin ba don daɗi aka sa shi ba, shi ne ke taimaka wa hanji ya ja gishiri da ruwa zuwa jini, saboda haka kada a rage shi, kada kuma a ƙara gishirin.

Sinadarai huɗu ne suka haɗa kusan kashi 96 cikin 100 na jikin ɗan Adam: oksijin, kabon, haidirojin da naitirojin. Sunayen baƙi ne, amma abubuwan na gida ne. Kabon shi ne baƙin da ke saura idan itace ya zama gawayi ko tuwo ya ƙone a gindin tukunya. Ganyen gero yana ɗaukar kabon daga iska, saiwa ta jawo ruwa daga ƙasa, hasken rana ya haɗa su su zama sukari, sannan shukar ta tara sukarin a zangarniya a matsayin sitaci. Wanda ya sha fura ya kama hanyar gona, ƙarfin ranar daminar bara ne yake tafe da shi.

Sai dai sitaci ƙarfi kawai yake bayarwa. Tsoka da fata da gashi ana gina su ne da furotin, wanda ke ƙunshe da naitirojin, kuma ana samunsa a nama, ƙwai, nono, wake da ƙuli-ƙuli. Furotin yana haɗuwa daga ƙananan gaɓoɓi iri 20, kuma 9 daga cikinsu jiki ba ya iya ƙera su, dole sai daga abinci. Ɗaya daga cikin taran nan ya yi ƙaranci a hatsi amma yana da yawa a wake, shi ya sa tuwon gero da miyar wake, ko koko da ƙosai, suka fi kowannensu shi kaɗai amfani ga yaro mai tasowa. A gona ma haka suke tallafar juna: a saiwar wake akwai ƴan ƙulle-ƙulle da ƙananan halittu ke zaune a ciki suna kamo naitirojin daga iska, kuma ƙasar da aka yi wake a cikinta takan amfana. Mai kuwa, irin na gyaɗa da man shanu, ajiya ce, domin ƙarfin da ke cikinsa ya ninka na sitaci fiye da sau biyu a awo ɗaya.

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya gutsuri burodi ya tauna shi a hankali ba tare da ya haɗiye ba har ya ƙirga ɗari, ya lura da ɗan zaƙin da zai fara ji, domin a cikin miyau akwai sinadarin da ke farfasa sitaci ya koma sukari. Sannan ya jiƙa wake goma a tsumma mai laima, ya ajiye wasu goma a busasshen ƙoƙo, ya riƙa duba su kowace safiya har kwana biyar, ya rubuta a littafinsa ranar da saiwar farko ta fito da kuma yawan waken da suka tsira a kowane ɓangare.