Yadda za ka fara nazarin gilashi mai launi a Sakkwato

Ni da guntayen gilashi na fara. Wani dattijo mai yankan gilashin taga a kusa da babbar kasuwa ya tara mini su a kwali, shuɗi da kore da ruwan zuma. Na ce, "Baba, nawa zan bayar?" Ya ce, "Kwashe, ɗana, shara ce a wurina." Kai ma nemi irin waɗannan tun kafin ka sayi wani kayan aiki.

Da farko ka tantance abin da ke hannunka. Kankare gefen gilashin da reza. In launin ya ɓare, fenti ne ko leda aka manna. Na ainihi tun yana narke a wuta ake zuba masa sinadari: kobalt ya ba da shuɗi, jan ƙarfe ya ba da kore ko ja, zinare kuma wani ja mai zurfi. Shi ya sa shuɗin tagogin cocin Chartres a Faransa, waɗanda akasarinsu na ƙarni na 13 ne, yake nan har yau.

Sai ka jera guntayen a tagar da ke kallon gabas, ka shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa. Nan aikin yake, kuma nan na fi daɗewa. Duba da hantsi, ka dawo da azahar, ka sake dubawa bayan la'asar, kana rubuta abin da ka gani. Ranar watan Afrilu tana da kaifi, ja ya zubo kan ƙyallen kamar garwashi. Da hunturu kuwa, in hazo ya rufe gari, hasken yakan yi laushi, shuɗi ya fito da wani sanyi da ban taɓa gajiya da kallonsa ba. Bayan mako biyu na wannan, in ka buɗe hotunan masallacin Nasir al-Mulk na Shiraz a Iran, wanda aka kammala a 1888, za ka gane dalilin da ya sa masu ziyara suke sammako gare shi.

Wajen zane kada ka tafi nesa. Dagi, da adon da dukawanmu suke yi a jar fata, da ɗinkin hula, duk suna rabuwa gida-gida kamar yadda gilashi yake so.

Turawa da darma suke haɗa guntayen. Ban ba mai koyo shawarar ta ba, tana da guba, ballantana a gida mai yara. Bi hanyar mutanen San'a a Yaman: su sassaƙa ramuka a allon jibsam, wato farin garin da ake kwaɓawa ya daskare, su manna gilashin a bayan ramukan, su kira tagar ƙamariyya. A nan, farin garin da masu yin silin ɗin ɗaki suke kwaɓawa ya wadatar. Fara da allo kamar faɗin littafi, ka sa safar hannu, ka kuma goge bakin kowane guntu da dutsen wasa wuƙa kafin ka manna shi.