Kurakuran masu haɗa jirgin gumagumai irin na dā don ƙetare teku

Tun da Thor Heyerdahl da abokansa biyar suka tashi daga Callao ta ƙasar Peru a 1947 a kan jirgin gumagumai mai suna Kon-Tiki, suka yi kwana 101 kafin su isa tsibirin Raroia da ke Tekun Pasifik, mutane ke ta gwada irin tafiyar. Da yawa ba su kai ba, kuma galibi tun a tudu matsalar ke farawa.

Kuskuren farko shi ne shanya itacen. Hankali yana cewa busasshen gungume ya fi yawo a kan ruwa, amma balsa, itace mara nauyi da ake haɗa irin wannan jirgi da shi, ba haka yake ba. Busasshe shan ruwa yake yi, a hankali jirgin ya yi nauyi ya lume. Ɗanye kuwa ruwan jikinsa ne ke tare ruwan teku. Gumagumai tara na Kon-Tiki ɗanyu aka saro su a dajin Ekwado, mafi tsawo a tsakiya, kusan mita 14. A sare, a ɓare ɓawon, a fara ɗauri ba tare da jinkiri ba.

Sai ɗaurin kansa. Wanda ya saba da aikin zamani hannunsa na ƙaiƙayin ƙusa da waya, alhali balsa taushi gare shi: waya yanka shi take yi, ƙusa kuma ta zare da zarar igiyar ruwa ta fara murɗa jirgin. Igiya irin ta rama ake so, mai kaurin kusan santimita uku, a sassaƙa mata gurbi a jikin kowane gungume. Tana jiƙewa sai ta kumbura ta nutse cikin itacen, gogayya ba ta cinye ta. Idan aka ji gumagumai na motsi suna ƙara a ƙarƙashin ƙafa, kada a tsorata a ƙara tamkewa, wannan motsin ne ke hana su karyewa.

Babban kuskuren shi ne raina guara, wato allunan katako da ake zurawa tsakanin gumagumai su shiga ruwa. Mutanen Kon-Tiki sun sa su, amma suka dogara da dogon katakon tuƙi na baya, suka sha wuya da shi, jirgin kuma bai iya komai ba sai bin iska. Sai a 1953, a gaɓar Ekwado, Heyerdahl ya gwada ya gane aikinsu. Idan aka zura allunan gaba aka ɗaga na baya, goshin jirgi sai ya juya wajen da iska ke fitowa. Idan aka yi akasin haka sai ya kauce mata. Ɗaga allo guda da taƙi ɗaya ma yana sauya hanya, shi ya sa ake taɓa ɗaya a jira a gani kafin a taɓa na biyu. Jirgin gumagumai na 2006 mai suna Tangaroa da guara ya yi tuƙi. Wannan horon a kusa da gaɓa ake yin sa, ba a tsakiyar teku ba.

Cire abin da ba a gane amfaninsa ba ma ya ci jirage. Ra na farko, jirgin ciyawa da magina daga Tafkin Chadi suka ɗaure wa Heyerdahl a 1969, ba a ɗaura masa igiyar da ke riƙe da lanƙwasar wutsiya ba, wadda ke cikin zanen Masarawan dā. Wutsiya ta kwanta cikin ruwa, ala tilas aka bar jirgin a teku. Ra II, jirgin da ya biyo bayansa, shi ne ya ƙetare Tekun Atlantika ya isa tsibirin Barbados a 1970.

Akwai kuma tsutsar teku mai huda itace, wadda ke yi wa balsa irin ɓarnar da gara ke yi wa azara: waje lafiya lau, ciki duk ramuka. Ta fi yawa a ruwa mai ɗumi, don haka kada jirgi ya daɗe a tashar ruwan gishiri yana jiran tashi. A riƙa nitso ana caka wuƙa a ƙasan gumagumai. Idan ta shige da sauƙi, a nemi tudu.

Wajen sauka, a zare allunan guara duka kafin a kusanci duwatsun murjani, in ba haka ba su za su fara kamawa su tsayar da jirgin daidai inda igiyar ruwa ke fashewa.